Ɗakin Kiwon Sauro

A duk cibiyar binciken cututtuka babu mai kiranta da sunanta. Uwar Sauro ake ce mata, tun tana haɗa rai har ta koma amsawa. Ɗakinta ne na ƙarshe a ƙasan bene, mai zafi da danshi kamar banɗaki bayan wanka, cike da kejin raga da farantan ruwa da tsutsar sauro ke wutsil-wutsil a ciki. Takan ba sauron auduga jiƙe da ruwan sukari, ranar da matan za su yi ƙwai kuwa sai ta naɗe hannun riga ta zura damtsenta cikin keji, tana karanta jarida da ɗaya hannun har su ƙoshi. Mijinta kan ce shi kaɗai ne a garin yake auren matar da sauro ke ɗokin zuwanta aiki.

Ba sauron banza ba ne. Malaminta, wani farfesa da ya rasu tuntuni, shi ya kamo kakanninsu a fadama tun kafin a fara fesa maganin ƙwari a ƙasar, kuma tun daga nan suke hayayyafa a ɗakin, ba su taɓa shaƙar magani ba. Amfaninsu ke nan. In ana son sanin ko sauron gari ya saba da magani, sai a gwada a kan na gari, a gwada a kan na ɗaki, a kwatanta. In babu na ɗaki babu ma'auni, kuma ba a sake samun irinsu, don yanzu babu kududdufin da feshi bai taɓa ba.

Sauron nan sun ga gwamnatoci. Baƙin da suka gina cibiyar don sojojinsu su daina mutuwa sun tattara sun tafi. Sojojin gida sun zo sun mai da rabin ginin bariki. Shekarar da aka garƙame cibiyar saboda wani rahoto da bai yi wa masu mulki daɗi ba, farfesa ya sulale da kejin a bayan motarsa, ya yi ta kiwonsu a banɗakin gidansa har aka buɗe. Da ciwo ya kwantar da shi, bai bar mata wasiyyar komai ba sai su.

Gwamnatin yanzu kuwa ta jingina duk mutuncinta a kan wani sabon maganin feshi. Ko'ina ka duba hoton Minista ne riƙe da famfo yana murmushi. Uwar Sauro ta gwada maganin, ta sake gwadawa. Na ɗaki suna shaƙa suke zubewa, na gari kuwa ko a jikinsu. Ta rubuta ta kai wa Darakta, ya yaba da ƙoƙarinta, ya ce a bari a ga yanayi tukuna. Ita kuma 'yarta, nas ce a ɗakin yara na babban asibiti, kullum sai ta dawo gida ido ya faɗa, tana cewa zazzaɓi ya cika gadaje har ana shimfiɗa a ƙasa.

Sai labari ya zo cewa Minista zai ziyarci cibiyar don ƙaddamar da zagaye na biyu na feshin. Ta je ta tsare Darakta a ofis, ta ce ba jawabi take so ta yi ba, a bar ta kawai ta nuna wa mutumin gwajin da idonsa. Ya yi ta juya biro, can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Akwai allo a ƙofar ɗakinta tun zamanin farfesa, da jan rubutu: AN HANA FESHI A NAN.

"Ki yi tunani, Dakta," in ji shi. "Minista ya tsaya a ƙarƙashin wannan, ɗan jarida ya ɗauki hoto. Ni da ke gobe muna gida."

Ta yi gardama, ya ce na yini guda ne, kuma wa ke cikin ginin nan da bai san ɗakin ba? Har masu shara sun san ko turare ba a shiga da shi. Gaskiya ya faɗa, abin da ya ci ta ke nan. Da hannunta ta kwance allon ta jingina shi a bayan kabad.

Ranar ziyara ta yi sammako zuwa wata unguwa a bakin kwata don kamo sauron gari, ta zuba su a kofin takarda ta rufe da raga. Abin da ita da Darakta ba su kawo a ka ba shi ne, ma'aikatar ba ta barin Minista ya shiga gini sai an fesa shi, kada a wayi gari sauro ya ciji mai yaƙi da sauro. Kuma ba 'yan cibiya aka sa ba, kamfani aka turo.

Da ta dawo, tun daga bakin baranda ta ji warin maganin. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Wani mutum da famfo a baya yana fitowa, ya zame takunkumi ya gaishe ta da fara'a.

"Dakta, ai Allah ne ya kawo mu ɗakin nan naki. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin sauro haka ba. Amma kwantar da hankalinki, ko ɗaya ban bari ba."

Bai bari ba kuwa. Ƙasan kowane keji ya yi baƙi. Ruwan farantai ya yi maiƙo, tsutsar ta daina motsi, takardun da sauron ke saka ƙwai a kai sun jiƙe sharkaf da magani. Ta bi keji-keji tana ƙwanƙwasa raga da ɗan yatsa ko wani zai tashi. Ga shi ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, don mutumin aikinsa ya yi, ya kuma yi shi da kyau.

Tana nan tsaye tawaga ta iso. Darakta ya leƙa, fuskarsa ta sauya, amma mai taimaka wa Minista ya riga ya hango tulin gawar, ya yafito masu kyamara. Minista ya sunkuya ya duba, ya tambaye ta ko maganinsu ne ya yi wannan aikin.

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Duka suka mutu?"

"Duka. Sai dai waɗannan ba irin na..."

Tafi ya cinye sauran maganar. Minista ya jinjina mata, ya ce irin wannan ilimi ƙasa ke buƙata, aka wuce ɗakin taro. Aka bar ta da kofin takarda a hannu, sauron gari suna ta kukansu a ciki, cikin warin da ita kanta yake sa ta tari.

Da la'asar tana share kejin sai wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce daga asibiti, ana jin kukan yara ta bayanta. Ta ce yanzu aka nuna a talabijin ɗin ɗakin jira, duk iyayen sun kalla.

"Mama, an ce ke kika tabbatar yana aiki. Wata ma har ta ce daga yau ta huta da ɗaura gidan sauro. Me zan gaya musu?"

Uwar Sauro ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, tana da hujja. Sai ta dubi abin da ke cikin kwandon shara: gawar sauron ɗakin, ma'aunin da hujjar tata ta dogara a kai.