Kaskon da Ba a Sa wa Wuta Ba

A gidan su Moutari a Mirya, ba a cewa gida ya zama gida sai babbar mace ta dangi ta zuba garwashi a sabon kasko, ta sa turaren wuta, ta fara kai hayaƙin ɗakin da masu gidan ke kwana. Kakarsa Iya Tamu ce ke gina kaskon. Tun yana ɗan shekara bakwai yake zaune gefenta yana cuɗa yumɓu, sa'o'insa suna wucewa suna kiransa da sunan mata. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi, sai dai ta buge masa hannu ta ce bakin kaskon ya yi kauri.

Yanzu shekararsa ashirin a Greensboro, can ƙasar Turawa. Da rana yana jan kaya a wani sito da ke titin Wendover, ranar hutu yana gina kasake, ya ɗaure musu wuri da waya da ƙyallen tsohon zanen Iya Tamu, Turawa su zo su tsaya suna gyaɗa kai kamar sun gane. Babu amaryar Nijar da ta tare a garin nan ba da kaskonsa ba. Nasa kuwa, wanda ya gina shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da Abdoul-Aziz ya kawo akwatinsa, yana kan kanta fes, wuta ba ta taɓa shi ba. Kowa ya san Abdoul-Aziz a matsayin abokin haya, ko kuma kowa ya ga dama ya san shi haka.

Da suka koma sabon ɗan gidansu a gabashin gari, yayarsa Ramlatou ta ce za ta zo ganin gida. Ita kaɗai ce babbar macen da ta rage masa a wannan ƙasa. Moutari ya ji tsoro, kuma ya sa rai, abin da ya fi tsoron ciwo. Suka gyara ɗaki na biyu kamar kullum, da gado da sallaya da takalman Abdoul-Aziz a jere. Shi kuwa Abdoul-Aziz ya fita tsakar gida ya kama sharar ganyen da ya riga ya share.

Ta iso bayan azahar, ta ƙi zama. Ta ɗauki kaskon ta juya shi, ta shafa ƙyallen. Ya ga ta gane zanen.

"Har yanzu bakin yana yi maka kauri," in ji ta. "Bon. Kana da gawayi?"

Ya hura mata gawayin. Ta kwance turare daga bakin mayafinta, irin na gida, mai hawi da sandal, nan take falon ya koma zauren Iya Tamu da yamma, har ya ji kamar zai ji tarinta. Kewa ta kama shi sosai.

Ya yi gaba ya buɗe mata ƙofar ɗaki na biyu, don ta ga komai a kan tsari. Ta leƙa, ta ja hanci.

"Moutari, ni za ka yi wa wannan? Ɗakin nan ko warin mutum babu."

Ta wuce shi, ta tura ɗaya ƙofar da ƙafa. Matasai biyu, tabarau biyu, riguna a cakuɗe. Ta tsaya a bakin ƙofa, hayaƙi yana tashi tsakaninsu.

"Yaya..."

"Kada ka ce mini komai. Ban ce na gane ba, ban kuma ce zan faɗa wa kowa ba. Amma shekara goma sha ɗaya kana kwana a gidan da ba a turara ba, ina gari ɗaya da kai. Wannan kunyata ce."

Ta shiga, ta durƙusa a kusurwar farko, sannan ta ɗago.

"Je ka kira shi ya ajiye tsintsiyar nan. Ba a turara wa mutum ɗaya."