Hannun Kelepi

Ɗana Kelepi shekararsa huɗu bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Likita ya ce larurar otizim ce, mai sa yaro ya ware kansa daga mutane, aka turo mana Malama Fololina ta koya mana wasa da shi.

"Kwanta a tabarma," ta ce wa mijina Lisiate. "Kada ka koya masa komai. Abin da ya yi, ka yi."

Sati shida ƙato yana rub da ciki yana jera ɓawon kwakwa, yaro ko kallo. Ranar Asabar, ba zato, Kelepi ya ajiye ɓawo ya cusa yatsu cikin gashin ubansa.

A al'adarmu a nan ƙasar Tonga, ɗa ba ya taɓa kan ubansa. Yayar mijina, wadda ba a yi wa musu a gidan, ta kai wa hannun yaron duka.

"Mara kunya! Kai kuma ka baje kamar alade a inuwa?"

Lisiate bai hana ta ba. Ni ma haka, Allah ya yafe mini.

Yau wata biyu ke nan. Kullum sai Lisiate ya kulle ƙofa, ya kwanta, ya turo kansa kusa da ɓawon. Kelepi sai ya matsar da layinsa gefe.