Robar Gefen Direba

Tun bayan babbar salla Alhaji Ɗanlami yake ƙorafin motarsa tana jan dama. Tsohuwar Marsandi ce, irin wadda ake kira Bi-but, ta ma girmi ɗansa Rabi'u da shekara biyu. Kowa a unguwar Hashimi ya san ta, kowa kuma ya san ba mai tuƙa ta sai mai ita. Wanki dai na Rabi'u ne, amma makulli bai taɓa kwana a hannunsa ba.

Shi Rabi'u ba motar ce damuwarsa ba. Uban ne. Mutumin da a da sai ya karkace yake shiga ƙofar shagon hatsinsa, yanzu babbar riga ce kawai ke rufa masa asiri. Sau uku Rabi'u yana roƙonsa su je asibiti, sau uku yana shan faɗa. "Maiƙo na rage, shi ke nan sai ku sa ni a makara?"

Ran wata Asabar da hantsi suka nufi garejin Onwuka bakanike a hanyar Chaza. Shekara ashirin ke nan Onwuka yana duba motar nan, har gashin kansa ya yi fari a ƙarƙashinta.

"Alaji Tirela!" Onwuka ya kwaɗa daga nesa, yana goge hannu da tsumma. Da Alhaji ya fito ya miƙe, sai Onwuka ya daina dariya.

"Mazi, motar da ka lalata na kawo maka. Sau biyu ina kai ta wajen masu alaimen su daidaita tayoyi, na canza tayoyin gaba, har gobe dama take ja."

"Ni na lalata shi? Motar da ya tsufa kamar ni da kai?"

Ya ɗaga ta a jak, ya girgiza kowace taya, ya leƙa nan ya taɓa can, bai ga komai ba. Ya sauke ta, ya ja da baya ya tsuguna yana kallon gabanta. Can ya ɗauko tef ɗin awo.

"Alaji, abeg, shiga ka zauna."

Alhaji ya shiga. Onwuka ya auna daga tsakiyar tayar hagu zuwa bakin bodi, ya zagaya ya auna ta dama, ya dawo ya sake auna ta hagu. Ya naɗe tef ɗin. Ya yafito Rabi'u, wai ya zo ya taya shi neman wani abu a cikin kwantena.

A ciki ya zaro wasu baƙaƙen robobi uku, kowace kamar murfin kwano, ya jera su a kan benci.

"Ka san wannan? Shi ne yana zama a kan sifirin na gaba. Taɓa bakinsa."

Rabi'u ya shafa, ya ji wasu 'yan ƙuraje. Ta farko biyu, ta biyu uku, ta ƙarshe huɗu. Onwuka ya ce da ƙurajen ake gane kauri, mai huɗu ta fi duka ɗaga mota. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, in Alhaji ya zauna, gefen direba nutsewa yake, har taya tana gogar bodi a ramukan hanyar Iku. Shi ne ya sa masa mai huɗu a hagu, mai biyu a dama. In motar ba kowa sai ta ɗan karkace, in mai ita ya shiga sai ta daidaita cif.

"Yanzu ya shiga, motar bai san ya shiga ba," in ji Onwuka, murya ƙasa-ƙasa. "Hagu yana sama da yatsa biyu. Rabi'u, me yana damun baban ka?"

Rabi'u ya ƙura wa robobin ido. A gida kowa na gani, kowa na kawar da kai. Yau ga shi an auna da tef.

"A bar ta yadda take," ya ce. "Zai mayar da jikinsa."

"In na bari, zai ci taya, zai ja shi ya shiga kwalbati wata rana. Gaskiya mai biyu ne daidai da shi yanzu."

"To sa mai uku."

"Mai uku ba na jiya ba ne, ba na yau ba."

"Na ji. Sa ta haka nan, Oga, don Allah. Kada ka gaya masa dalili. Ka ce tsohuwar ce ta fashe."

"Wacce ce ta fashe?"

Alhaji ne tsaye a bakin kwantenar, ya dafa ƙofa. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin. Ya tako a hankali, ya ɗauki mai huɗun, ya juya ta a hannu, ya shafa ƙurajen da babban yatsa.

"Mazi, da kai za a haɗa baki a yi mini ƙarya? Ka manta ina tsaye a kanka ranar da ka sa ta?"

"Alaji, ni ban ce komai ba."

"Tef ɗinka ya ce."

Ya ajiye robar. Ya laluba aljihun gaba, ya fito da makulli, ya miƙa wa ɗansa.

"Je ka zauna a sitiyari, ya auna da kai."

Rabi'u ya ɓoye hannunsa a baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Baba, motarka ce. Da kai za a auna."

"Na ce ka je."

"Wallahi ba zan zauna ba sai ka yi mini alkawari jibi Litinin za mu je asibiti. Ka zage ni, ka dake ni a gaban mutane, na yarda."

Bai taɓa yi wa ubansa magana haka ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba.

"Na je," in ji Alhaji. "Sau biyu, wancan watan. Ranar da na ce muku na tafi ta'aziyya Gwagwalada."

"Me suka ce?"

"Uwarka ba ta sani ba tukuna. Ni zan gaya mata da bakina, ba kai ba."

"Baba, me suka ce?"

"Rabi'u, mutum yana tsaye da tef a hannu, yana da sauran aiki."

Ya kamo hannun yaron daga baya, ya buɗe tafin, ya sa makullin, ya naɗe masa yatsu a kai. Hannun uban ba nauyi ko kaɗan.

Rabi'u ya fita cikin rana. Ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Kujerar ta lotsa a tsakiya, ta yi masa faɗi ta ko'ina, ƙafarsa ma da ƙyar ta kai birki. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gilashin gaba ya yi masa dishi-dishi.

Onwuka ya tsuguna a gefen taya, ya ja tef, sai kuma ya ɗago.

"Alaji, kai ma ka zagaya ka shiga ɗaya gefen mana, in auna da ku biyu."

Alhaji ya samu benci a inuwar kwantena ya zauna, yana mayar da numfashi.

"A'a," ya ce. "Auna shi shi kaɗai."