Farantin Umma

Har yanzu takardar kanti na manne a ƙasan sabon takalmin Umma. Auta ta hango ta lokacin da Umma ta harɗe ƙafa a kujerar zauren kallon fim.

"Ke, yaushe za a sa namu?" in ji Umma. "Mun ga mutumin da ke ɗinke bakinsa kafin ya tafi ofis, mun ga tsohuwar da ke hira da randa. Su mutanen duniyar nan ba sa zana abin dariya ne?"

"Saura ɗaya, Umma."

Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zunguri Umma. "Yi haƙuri, 'yar fim. Ni dai in 'yan jarida suka rufe ki, ki ce ni ce mai riƙe miki jaka."

Suka ƙyalƙyale har na gaba ya waiwayo. Bikin gajerun finafinan zane ne daga ƙasashe daban-daban, kuma na Auta kaɗai aka ɗauka daga garin. Ba ta gayyaci kowa ba. Gwaggo ce ta ga sanarwa a waya ta shela wa dangi.

* * *

A makaranta an koya wa Auta cewa hannu ba ya ƙirƙirar tafiyar mutum daga ka. Sai ka ɗauki bidiyon mai rai, ka bi shi hoto bayan hoto kana zanawa. Shi ya sa wata rana da hantsi ta miƙa wa Umma faranti.

"Ki ratsa tsakar gida kawai, kamar za ki kai wa wani abinci."

"Da wannan zanin? Bari in sake."

"Ba fuskarki za a gani ba, Umma. Tafiyar nake so."

Umma ta tafi tana rangwaɗa da gangan, tana dariya. Tana isa ƙofar ɗakin baya dariyar ta ɗauke. Ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa, ta ja da baya, ta tura shi da ƙafa ta ƙarƙashin ƙofar. Sannan ta juyo tana kakkaɓe hannu, ta ce, "Ya yi, ko in sake?" Ba ta ma san ta yi ba.

Ɗakin kuwa babu kowa a ciki tun rasuwar Yaya, wan Auta. Daga jami'a aka dawo da shi yana magana shi kaɗai. Abba ya ce in aka kai shi asibitin masu taɓin hankali unguwa za ta ji, kuma ba mai neman auren ƙannensa. Aka sa kwaɗo, aka yanke ƙasan ƙofa, aka ce wa maƙwabta yana karatu a waje. Da farko da hannu Umma take tura masa abinci, tana kiran sunansa. Rannan ya kama wuyan hannunta ya ƙi saki, yana kuka yana ja, har ƙashin ya goce.

Auta ta zana wannan ma. Mai tace fim ɗin ne ya ce tsawon ya wuce ƙa'idar bikin, dole a rage. Ya nuna wurin da biro. "Cire nan. Ƙafar ta fi taɓa zuciya in ba a faɗi dalili ba." Ta ji kunyar yi masa gardama, ta cire.

* * *

Aka kashe fitilun zauren. A allo wata mace marar fuska ta fito ɗauke da faranti, tana ɗan karkata kafaɗar hagu.

"La ila! Wallahi ke ce!" Gwaggo ta raɗa. "Har karkata kafaɗar."

Umma ta gyara zama, tana murmushi cikin duhu.

Matar ta isa wata ƙofa. Wasu yatsu suka leƙo ta ƙasa suna laluben iska. Ta ajiye farantin, ta ja da baya, ta tura da ƙafa. Gari ya waye a allon, ta sake. Ruwa ya sauka, ta sake. Yatsun suna ta ramewa.

Daga bayansu wata mata ta ja tsaki.

"Wannan ita ta haife shi kuwa? Ko kare ai ka miƙa masa da hannu."

"Wallahi akwai su," in ji ta kusa da ita. "Allah ya isar wa yaron nan."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana ta gyaran mayafi. Auta ta so ta miƙe ta gaya musu akwai wani wuri da aka yanke, yana nan a kwamfutarta, su jira su gani. Ta juya ta dubi Umma. Hasken allon na bin fuskarta, ido ko ƙiftawa ba ya yi, babban yatsanta na murza wuyan hannunta na dama a hankali.

"Umma," Auta ta raɗa.

Umma ta ɗauki jakarta daga cinyar Gwaggo. Ta bi layin kujeru a sunkuye don kar ta tare wa mutane kallo, suna janye mata gwiwa ba tare da sun dube ta ba. Ƙofar zauren ta buɗe, hasken rana ya faɗo ciki, ta rufe. A allo sunan Auta ya fara hawa, aka soma tafi.