Daddawar Luba Za Ta Indoshin

Da Luba ta sauke kwandon a gaban rumfar duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransa, sai da wuyanta ya yi ƙara. Tun daga tashar Jibiya ta ɗauko shi a ka. 'Yan kwastan na ɓangaren Ingilishi sun shinshina sau ɗaya suka ce ta yi gaba, ta tsallake iyaka a ƙafa, ƙawarta Salmatu na biye da ita da ɗan buhu a kafaɗa, bakinta bai huta ba ko na taki ɗaya. Kakar gyaɗa ce ta 1953, manyan motoci na fitowa daga Maraɗi shaƙe da buhuna za su Kano, duk wadda ta wuce sai matan biyu sun ratse gefen hanya.

Kayan na wani soja ne da Faransa ta kai yaƙi wata ƙasa can bayan teku, wai ita Indoshin. Haka Luba take faɗa wa duk wanda ya tambaya: wani yaro ne, ɗan Sakinatu. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ta rage mudu. Yaron ɗanta ne na fari, kuma babu wanda bai san haka ba a Jibiya. Ana yaye shi aka miƙa shi riƙo ga yayar mijinta, Sakinatu, da ke aure a Ɗan Isa, ɓangaren Faransa. Can ya girma, can aka rubuta shi a littafin Nasara, can aka ɗauke shi soja. Mutane na kiransa Nagoggo, ita ma da wannan take fakewa in ta kama dole. Sunansa na yanka kuwa, shekara ashirin da huɗu ke nan bai taɓa ratsa haƙoranta ba.

Kunyar ɗan fari kowace mace na yi, amma Luba ta mai da ita sana'a. In ya zo gaisuwa da salla, tana jin sallamarsa za ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Ranar da aka zo da labarin an tafi da shi soja, daka take yi, taɓaryar ba ta ko karkace ba. Matan unguwa suka yi ta yabo, ana kawo ta misali ga amare. Ta ji daɗin yabon, ba za ta ɓoye wa kanta ba. Abin da ba wanda ya yaba shi ne kwana bakwai da ta yi bayan nan tana mai da tuwonta ba ta taɓa ba.

Mijinta ya rasu da jimawa, Sakinatu kuma ta bi shi a daminar bara. Watan jiya wasiƙar Nagoggo ta iso hannun ƙanen mijin, aka kira mai karatu ya karanta a tsakar gida. Luba ta zauna bayan zana tana tankaɗe, wai ita ba ruwanta. Yaron ya gai da baffansa, ya gai da liman da mai unguwa, ya gai da makaho mai igiya na bakin kasuwa. Ita bai ambace ta ba, ɗan halak, tarbiyya ta kama shi. Sai a ƙarshe ya ce abokansa na samun ƙunshi daga gida, shi kuwa tun rasuwar goggo ba a kira sunansa ba. Ya ce abincin can shinkafa ce da ruwan kifi, babu abin da yake marmari irin miyar da ta ji daddawa.

Mai daddawa ɗaya ce a unguwar kaf, ita ce kuwa. Garin da Luba ta tankaɗe ran nan rabinsa a ƙasa ya ƙare.

Ta zaɓi kalwa mafi kyau, ta dafa, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta kwana uku har ta nuna yadda take so, ta kirɓa ta shanya ta bushe ƙamas. Daga nan dabara ta zo mata, kuma a lokacin ta ɗauka ta fi kowa wayo. Ta ce wa Salmatu, tana kallon gefe, ya kamata unguwa ta tuna da marayan Sakinatu. Gaya wa Salmatu magana daidai yake da ba sanƙira shela. Kafin kwana biyu kaya sun taru: goro, man shanu a kwalba, ƙuli-ƙuli, dankali, rake guda uku, tabarma, takalman fata, har da ƙwaryar zuma. Luba ta shimfiɗa daddawarta a can ƙasan kwando, ta danne da kayan mutane. Saƙon unguwa ne, ita ɗan dako ce kawai. Wasiƙar ma ba ta karɓo ba, don karɓa na nufin ta damu.

Malamin duwan ɗin sunansa Maharazu, dattijo mai furfura a gemu, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Turawa ya dawo da yatsu takwas. Shi ke karɓar ƙunshin sojoji sau ɗaya a wata, motar bariki ta kwasa zuwa Maraɗi, kuma yau ce ranar. Motar na tsaye a inuwar gawo, direban ya ce ana sallame azahar zai tashi. Akwai mutane kamar goma a layi, rabinsu 'yan Jibiya, kowa da ɗan ƙunshinsa da bai wuce a rungume da hannu ɗaya ba. Luba ta dubi nasu, ta dubi kwandonta, jikinta ya fara ba ta labari.

Da layi ya zo kanta, Maharazu ya zagaya kwandon sau ɗaya, ya tambaya ko bataliyar duka za a ciyar. Ya nuna mata ma'auni rataye a azara, ya ce kilo uku ne iyaka, kuma tafiyar wata uku ce, mota da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Ya tsuguna ya fara fitarwa. Goro zai bushe tun kafin a ga teku. Man shanu zai narke ya ɓata wasiƙun mutane. Dankali zai tsiro, zuma za ta kira tururuwa, ƙuli-ƙuli ɓerayen jirgi za su yi salla da shi. Da ya zaro raken ya ɗaga shi sama ya ce can ƙasar rake ya fi ciyawa yawa, layi ya fashe da dariya. Takalma kuwa, ya ce gwamnati ta ba yaron waɗanda suka fi ƙarfinsa.

Luba na tsaye tana kallon unguwarta na tsiyayewa daga kwando ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma ta yi tana gina wannan rufin asirin, mutum mai yatsa takwas ya rushe shi kafin a tafasa ruwa. Ta ce a ranta, Luba, ke dai Allah ya yi ki da wayo, sai dai bai kai kilo uku ba.

Can ƙasa Maharazu ya tarar da ƙullin tsumma fari. Bai buɗe ba, hancinsa ya riga shi. Ya ce rabonsa da jin irin wannan tun ta tsohuwarsa, wannan ko shekara za ta yi a hanya ba abin da zai same ta. Ya rataya a ma'auni, allura ta tsaya ƙasa da uku da kaɗan. Ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango inda sunayen sojojin yankin suke da lambobinsu, ya tsoma alƙalami a tawada.

"Sunan sojan?"

"Nagoggo," in ji Luba. "Na wajen Sakinatu, Ɗan Isa. Kowa ya san shi."

"Nasara bai san shi ba. Sunanshi na yanka nika so, da na ubanshi."

Sunaye biyu ne a duniya da bakinta bai taɓa furtawa ba, na ɗan fari da na miji, ga shi an haɗa mata su a tambaya ɗaya, gaban 'yan garinsu. Ta juya wajen Salmatu, wadda ta san sunan kowa har da na kakanninsa, ta yi mata ido. Salmatu ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi sama, ta ce wallahi tsufa ya fara taɓa ta, sunan ya shige mata duhu. Shekara talatin suna tare, yau ce rana ta farko da Luba ta ga bakin Salmatu a rufe, kuma ta san da gangan ne.

Ta gwada hanyoyin da ta sani. Ta ce sunan irin wanda ake sa wa yaron da ya fara zuwa ne. Ta ce uban kuwa sunansa ɗaya da mai gyaran keke na tasha. Maharazu ya ce shi ba duba yake yi ba. Ya ƙara da cewa akwai sauran tambaya ma: motar bariki ƙunshin iyaye da matan aure kaɗai take ɗauka, don haka sai ya rubuta wace ce mai aikowa, kuma mece ce ita a wurin sojan. In ta unguwa ce, ta kai gidan waya a Maraɗi da kanta ta gwada sa'arta.

Ladan ya kira salla daga wani ɗan masallaci na zana a bayan rumfar. Direba ya miƙe ya ɗauki buta. Maharazu ya ajiye alƙalami, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Inna, bari in hwaɗa miki yadda a kan yi. Ranar da buhun ga ya isa, sai a tara su a hili. Sajan shina ɗaga ƙunshi, shi kira suna, shi hwaɗi wanda ya aiko. Wanda aka kira shi hito. Wanda ba a kira ba shi yi dariya da mutane, shi tahi bayan tanti. Shekara huɗu na yi, na san bayan tanti sarai. Kuma ba duka waɗanda aka tara wannan wata ba ne a kan samu a tara wata mai zuwa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce abin da Luba ta yi wata da watanni tana kora daga ranta kamar kaza daga shanya. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Yaron nan zai iya mutuwa a wata ƙasa da ba ta iya ko faɗin sunanta daidai, bai taɓa jin ta kira shi ba, bai taɓa karɓar ko ƙwayar gyaɗa da aka ce daga hannunta ta fito ba. Ita kuma a bar ta da yabon matan unguwa, ta dafa shi ta sha.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Abin da ya fito daga bakinta ko ita ba ta ji shi ba. Maharazu ya kara hannu a kunne, ya ce igwa ta cinye masa wannan ɓangaren tuntuni.

"Lawwali," ta ce. Sunan ya fito da tsatsa, amma ya fito. "Lawwali Kalilu."

"Ke fa?"

"Luba."

"Mi kike gare shi?"

"Ni na haihe shi."

Ta tsaya tana jiran abin da zai biyo baya, salati ko dariya ko tafa hannu. Ba abin da ya biyo. Mutumin da ke bayanta yana ta fama da igiyar ƙunshinsa, wata tsohuwa na korar ƙuda. Ashe shekara ashirin da huɗu tana gadin ƙofar da ba mai niyyar shiga. Wannan ya ba ta haushi kaɗan, ta kuma ji kunyar haushin.

Maharazu ya bi littafi da yatsa har ya samu lambar. Ya naɗe daddawar a takarda mai kauri, ya sa a ƙyallen akoko, ya ɗinke bakin da basilla, ya yi rubutu layi huɗu a jiki. Ya kama babban yatsanta ya dangwala a tawada ya danna a littafi. Luba ta leƙa ƙyallen, ta tambaya mene ne wannan na ƙasa, da ya fi sauran tsawo. Ya ce nan ne ya sa daga uwarsa, Luba mai daddawa, Jibiya.

Ta tambaya ko wannan ɗin ne sajan zai karanta. Ya ce shi ne. Da ƙarfi? Da ƙarfi, gaban mutum ɗari da wani abu, cikinsu har da 'yan Ɗan Isa da 'yan Maraɗi. Luba ta ƙara jan mayafi. Wato abin da ta faɗa a ƙarƙashin mayafi, wani ƙato zai je ya kwarmata shi a bayan teku, yaron kuma ya taso gaban jama'a ya karɓa. Ta tambaya ko ba a iya gyarawa a sa mutanen unguwa.

Maharazu ya ce littafi dai ya riga ya ɗauka, amma ƙyalle nata ne. In tana so, yanzu zai soke layin ya rubuta abin da ta ce, ba wanda zai tuhume shi. Ya tsoma alƙalami ya riƙe shi a sama yana jiranta.

An sallame salla, direba ya kunna mota, aka fara jefa ƙunshi cikin buhu. Luba ta waiwayi Salmatu ko za ta ce wani abu. Salmatu na tsugune tana mai da rake da dankali cikin kwando, tana goge ido da gefen zane, tana ƙorafin hayaƙin mota.

"In soke?" in ji Maharazu.

Luba ta dubi layin. Ba ta san ko baƙi ɗaya a ciki ba, amma ta ga siriri ne, tawadar ba ta kama ƙyallen sosai ba.

"Bar shi," ta ce. "Sai dai ka ƙara bin shi da tawada. Wata uku bisa ruwa, kada shi goge."