Motar da Za Ta Ja Ɗaki

Shekara uku Kamalu yana aiki a wani kamfanin sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon, shekara uku kuma matarsa Zakiyya da 'yarsu Ruwaida suna Saint-Denis, tafiyar awa biyar a mota, suna kwana a falon yayarta. Shi gado guda yake haya a gidan gwagware, inda ba a yarda mace ta kwana ba. Takardun neman gida kuwa ya cika su har hannunsa ya haddace, amsar kullum ɗaya ce: a jira.

Ranar da Zakiyya ta gaji ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. A waya ta ce, “Baban Ruwaida, ƙarshen watan nan in babu inda za mu kwana mu uku, Maradi za ni da ita. Na gaji da naɗe katifa kowace safiya.” Ya san ta sarai, ba ta faɗin magana sau biyu.

Ana cikin haka sai Guillaume, abokin aikinsa da ke shirin ritaya, ya bar masa karaban ɗinsa, wato ɗaki mai taya huɗu da mota ke ja, da gado biyu da murhu da 'yar makewayi. Yana ajiye a wani sansani a bakin kogin Rhône, sansanin kuma za a rufe shi ranar Asabar ta ƙarshen wata, abin da aka bari masu fasa ƙarfe su kwashe. Ƙanen Guillaume yana da gona can saman tudu, bayan Rillieux-la-Pape, ya yarda a ajiye ɗakin a nan, da ruwa da wuta. Saura mota, wadda za ta ja shi, ta kuma riƙa kai Kamalu aiki, don bas ba ta zuwa gonar. Guillaume ya rubuta masa kilo 1800 a 'yar takarda, ya ce, “Nauyinsa ke nan. Ka duba takardar motar. In ba ta kai jan wannan ba, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.”

To, Kamalu wurin wa zai je sayen mota in ba Alhaji Mahamat ba? Dattijon ɗan Cadi ne, shekara talatin yana tura tsofaffin motoci Kwatano daga wani fili a Saint-Denis. Shi ya tarbi Kamalu lokacin da ya zo karatu daga Damagaram, wata huɗu yana ci yana kwana a gidansa, ko sisi bai karɓa ba.

Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, aka sha shayi. Sannan Alhaji ya kai shi gaban wata shuɗiyar mota mai kujera bakwai, ya daki bayanta da tafi.

“Ɗana, ga taka. Irinta na tura Abeche, buhu ashirin take ɗauka, da mutane a sama. Tashe ta ka ji.”

Kamalu ya tashe ta. Ya kara kunne kamar yadda ubansa, tsohon direban hanyar Agadas, ya koya masa. Inji lafiya lau, ko tari babu. 'Yar takardar Guillaume tana aljihunsa, har ya taɓa ta.

“Baba Alhaji, ɗakin fa da nauyi.”

“Haba! Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun ba a haife ka ba nake cikin mota. Ko ka fara shakka ta ne?”

Shi ke nan, Kamalu ya biya kuɗi ya karɓi makulli. Mutumin da ya ba ka tabarma ranar da ba ka san kowa ba, ta yaya za ka ce masa ya kawo takarda ka duba? Kuma gaskiya Alhaji ba macuci ba ne. Ya san motar da ke ɗaukar kaya a ka, bai taɓa ganin wadda aka ɗaura wa gida a baya ba.

Ranar Juma'a Kamalu ya kamo hanyar Lyon da Zakiyya da Ruwaida da jakunkuna biyar. Da la'asar ya tsaya garejin Moctar, wani bakanike ɗan Tawa, don a sa wa motar ƙugiyar ja. Moctar ya tambayi nauyin ɗakin, ya buɗe takardar motar, ya duba, ya sake dubawa.

“Malam Kamalu, wannan iyakar abin da za ta ja kilo dubu da ɗari biyu ne. Ce n'est pas possible, ba zai yiwu ba. Wa ya zaɓa maka ita?”

“Gobe ake rufe sansani. Sa min kawai.”

“Ni dai na gaya maka.”

Bai gaya wa Zakiyya ba. Da suka isa sansani yana kallonta tana goge murhun karaban, tana jera kofuna, Ruwaida tana tsalle a kan gadon da aka ce nata ne ita kaɗai, tsoro ya kama shi ya rasa wanda zai faɗa wa.

Da safe suka ɗaura. A bakin kogi, inda hanya take shimfiɗe, motar ta ja, har ya fara cewa ko Moctar ya cika tsoro. Da suka kama hawan Rillieux sai ta fara nishi. Ya sauke giya, ya taka, wani ƙauri ya cika motar. A tsakiyar tudun inji yana ta ihu, taya ba ta motsi, sai ga su suna komawa da baya. Ya ja birkin hannu da ƙarfinsa duka. Karaban ya karkace ya hau dakalin titi, ya tare hanya gaba ɗaya.

'Yan sanda suka zo. Wata daga cikinsu ta duba takardar motar minti guda, abin da shi ya kasa yi, ta ce ba zai ƙara ko taku ɗaya da wannan haɗin ba, an kira babbar mota ta janye ɗakin zuwa inda ake tsare ababen hawa.

Suna tsaye a gefen titi wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne.

“Ɗana, kun sauka lafiya? Yaya mota?”

Kamalu ya dubi hayaƙin da ke fita daga ƙarƙashinta. “Lafiya lau, Baba. Mota ta yi. Allah ya saka da alheri.”

Zakiyya ta ji komai. Ta daɗe tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, tausayi ne, kuma shi ya fi yi masa ciwo.

“Ka sani tun jiya ke nan,” in ji ta. “Ka ji kunyarsa, Baban Ruwaida. Mu fa?”

Ta ciro jaka biyu, ta tambayi 'yar sandar wace bas ce ke zuwa tashar jirgin ƙasa. Da bas ɗin ta iso, Ruwaida ta ɗaga masa hannu ta taga. Ko kuka ba ta yi ba. Ita a saninta haka ake yi da uba.