Kwandon da Baba Ya Kafa

Shekara tara 'yan ƙwallon kwandon Maiyama ba su sha kashi a gida ba. Yau ga su a Jega, saura minti biyar, duk jifar da suka yi sai ta daki bakin ƙarfe ta dawo.

Waliyyu, kyaftin ɗinsu, ya tsaya ƙarƙashin kwandon ya miƙa hannu. A gida yakan taɓo raga, nan ko kusa. Sai ya gane kwandonsu na gida bai kai tsayin ƙa'ida ba. Babansa mai walda ne ya kafa nasu, da kamun hannu ya auna, ga shi mutum ne gajere.

Tsohon nasa ya miƙe cikin 'yan kallo. "Waliyyu, mi ya same ku?"

"Iska ce, Baba," in ji shi, alhali ko ganye ba ya motsi.